Babi na Shida: Famfon Iska, a Bar Shi ko a Cire?

Duk wanda ya ɗaga bonet ɗin Mazda RX-7 ƙirar ƙarshe, wadda masu ita ke kira FD, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne cunkoso. Injin kansa ɗan mitsitsi ne, amma an binne shi ƙarƙashin bututai da tiyo-tiyo da wayoyi har ba a ganinsa. A gaba daga sama, ɓangaren da turbo biyu suke, akwai wani dunƙulen alminiyom mai fuli a goshi, bel ya zagaye shi, tiyo mai kauri ya shiga, wani ya fita. Ba shi da kyan gani. Ba ya ƙara wa mota gudu. Yawancin masu sayen motar ba su ma san sunansa ba sai ranar da bakanike ya nuna shi da sifana ya ce, "Wannan ai cire shi ake yi." Shi ne famfon iska, kuma a Amurka da Japan da Birtaniya da Ostareliya, inda waɗannan motoci suka fi yawa, shekara da shekaru ke nan masu gyaran mota don ƙarin ƙarfi suna ja-in-ja a kansa.

Ba za a gane dalilin zamansa a wurin ba sai an tuna yadda injin yake ƙona mai. Injin da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, wanda samfurinsa na farko ya tashi a kamfanin NSU a 1957, ba shi da fistin mai hawa da sauka. Rota ce mai kusurwa uku take juyawa cikin wani gida mai ɗan tsukakken ƙugu, kowace fuska tata tana ɗauke da ɗakin ƙona mai nata. A injin 13B na Mazda rota biyu ne, kowace na da faɗin ciki cc 654, jimla 1,308. Matsalar tana cikin siffar ɗakin. Dogo ne, siriri, kuma tafiya yake yi yayin da wuta ke ci. Harshen wutar yana bin gaba da sauri, amma can ƙarshen ɗakin ta baya, inda fuskar rota ta kusa manne wa bango, ƙarfe yana shanye zafin, wutar ta mutu kafin ta cinye man. Shi ya sa ma aka ba kowace rota fulogi biyu, amma duk da haka akwai ragowa. A injinan da suka gabaci RX-8, motar da ta gaji RX-7, ƙofar fitar hayaƙi tana jikin bangon da kusurwar rota ke gogawa, don haka kusurwar na share wannan ɗanyen man ta tura shi salansa kai tsaye. Ga kuma baƙin man da injin yake ɗiga wa kansa da gangan don sil ɗin kusurwa su sami santsi, shi ma ƙonewa yake yi ya bi hayaƙi.

Sakamakon haka, hayaƙin wannan inji ya sha bamban da na mai fistin. Sinadarin naitirojin mai guba kaɗan ne a cikinsa, saboda wutar ba ta kai tsananin zafin da ke haifar da shi. Amma ɗanyen fetur da iskar kabon monoksaid sun yi masa katutu.

Da a ce duniya ta tsaya a 1967, shekarar da Mazda ta fitar da Cosmo Sport bayan Kenichi Yamamoto da injiniyoyinsa 47 sun sha fama da zanen da sil ɗin kusurwa ke yi wa bangon inji, da babu wanda zai damu. Amma a birnin Los Anjelas mutane sun daɗe suna tari, idanu na zubar da ruwa. Tun farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ke rufe birnin yana samuwa ne idan rana ta bugi ɗanyen mai da sinadarin naitirojin da motoci ke fitarwa. Jihar Kalifoniya ta fara ƙayyade hayaƙin salansa daga motocin 1966, kuma a lokacin ne famfon iska ya fara bayyana a motocin Amurka masu fistin. A 1970 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da gyaran dokar tsabtace iska wanda Sanata Edmund Muskie ya jagoranta, inda aka nemi a rage ɗanyen mai da kabon monoksaid da kashi 90 cikin ɗari a 'yan shekaru. Amurka ce babbar kasuwar da kamfanin Mazda na Hiroshima ya ƙwallafa rai a kanta. Ko dai injin ya tsabtace bakinsa, ko a rufe masa ƙofa.

Dabarar da Mazda ta ɓullo da ita mai sauƙin fahimta ce ga duk wanda ya taɓa zama a maƙera. Gawayi yana nan da zafinsa, abin da ya rage masa iska ce, da an taɓa zugazugi sai wuta ta kama. Hayaƙin da ke fitowa daga wannan inji yana da zafi ƙwarai, yana ɗauke da man da bai ƙone ba, iskar oksijin kawai ya rasa. Sai aka maƙala wa bakin injin wani akwatin ƙarfe mai jure zafi, aka sa famfo yana hura masa iska, ragowar man ta ƙarasa ƙonewa a ciki kafin ta kai waje. Da wannan Mazda ta tsallake gwajin ma'aunin da waccan doka ta gindaya wa motocin 1975 tun a 1973, lokacin da manyan kamfanonin Amurka ke cewa abin ba zai yiwu a kan lokaci ba. Sai dai akwatin ba ya ci sai an ba injin mai fiye da bukatarsa, kuma a ƙarshen wannan shekarar ce farashin fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Motocin suka yi kwantai, kamfanin ya kai bakin durƙushewa sai da bankin Sumitomo ya tallafe shi. Daga 1981 RX-7 da ake kai wa Amurka ta bar akwatin ta koma ga tukunyar tace hayaƙi, wato katalis, abin da makanikanmu ke kira indomi. Famfon kuwa bai tafi ba. Aikinsa ne ya sauya: yanzu yana hura iska a bakin ƙofofin hayaƙi, yana kuma aika wata ta bututu na daban zuwa cikin katalis ɗin, wani bawul yana raba ta gwargwadon halin da injin ke ciki, ya zubar da wadda ba a bukata.

To me ya sa ake cire shi? Hujjojin masu cirewa ba duka ne na banza ba, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu.

Mafi ƙarfinsu ita ce ta wuri. Turbo biyu na FD, masu aiki ɗaya bayan ɗaya, na biyun yana shigowa wajen juyi 4,500 a minti, abin sha'awa ne ranar da suke lafiya, abin ciwon kai ranar da tiyo ɗaya cikin gommai ya tsage. Mutane da yawa suna kwashe su gaba ɗaya su ɗora turbo guda babba, kuma sau da yawa bututun shan iskarsa yana bi ta daidai inda famfon yake zaune. A nan babu zancen zaɓi, ɗaya ne zai zauna. Akwai kuma hujjar tsufa. FD ta ƙarshe ta fito daga masana'anta a 2002, waɗanda aka sayar a Amurka kuwa daga 1993 zuwa 1995 ne. Famfon da ya shekara talatin yana juyawa kusa da turbo mai jan wuta yakan fara kuka, wani ya cije, kuma sabo yana da wuyar samu, yana da tsada. Mai motar da ya cire shi ya toshe ramukan da faranti ya rage wa kansa abubuwan lalacewa, ya kuma sami inda zai sa hannu idan ya zo gyara. Wannan gaskiya ce.

Hujjar da aka fi ji kuwa, wato ƙarin ƙarfi, ita ce mafi rauni. Famfon FD yana da kulocin lantarki a cikin fulinsa. Da injin ya haura juyi dubu uku da ɗoriya, kwamfutar mota tana sake kulocin, fulin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, famfon ya tsaya cik. Ma'ana, a daidai lokacin da direba ya take totur yana neman duk abin da injin ke da shi, famfon ba ya jan komai. Wanda ya cire shi don ƙarin doki ya cire abin da dama ba ya aiki a wurin da yake neman dokin. A tsofaffin ƙira, inda famfon ke juyawa koyaushe, abin da yake ci ɗan kaɗan ne wanda direba ba zai ji a jikinsa ba. Nauyinsa ma 'yan kilo ne a motar da ta haura kilo 1,200.

Abin da ake biya a madadin wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne inda nake so mai karatu ya tsaya.

A FD, bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa da famfon iska. Fulin famfon iska shi ne ke janyo bel ɗin ya rungumi fulin famfon ruwa sosai. Idan aka cire shi aka sa gajeren bel, sai ya zama bel ɗin yana shafar gefen fulin ruwan ne kawai. A silo ba a ganin komai. A gudu, lokacin da injin ya fi bukatar ruwa ya zagaya, bel ɗin na iya zamewa. Wasu sukan ɗaure shi tamau don hana zamewar, su ɗora wa beyarin nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Maganin da ya dace shi ne a sa fulin banza a gurbin famfon don bel ya riƙe hanyarsa, kuma ana sayar da irinsa musamman saboda wannan. A ƙirar da ta gabata, FC, matsalar iri ɗaya ce da wata fuska: bel biyu ne ke juya famfon ruwa, ɗaya na altaneta ɗaya na famfon iska, don haka wanda ya cire famfon ya bar ruwan da bel guda, sai ya nemo fulin altaneta mai layi biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. An gina injin ne da gidajen rota na alminiyom da aka matse tsakanin farantan baƙin ƙarfe, da siraran zoben roba masu tsare ruwa a tsakaninsu. Ƙarafan biyu ba sa buɗewa daidai idan sun yi zafi. Injin mai fistin yakan tafasa ya huce a ci gaba da tafiya. Wannan kuwa tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta sa ruwa ya fara shiga ɗakin wuta, daga nan sai sauke inji.

Akwai tarkon da ya keɓanci FC marar turbo ta 1989 zuwa 1991. Injinta na da ƙarin ƙofofin shan iska da ke buɗewa idan juyi ya yi sama, kuma matsin iskar wannan famfon ne ke tura su su buɗe. Mutum ya cire famfon yana neman ƙarfi, ƙofofin su zauna a rufe, motar ta rasa numfashi a daidai inda ya kamata ta fi kuzari. Garin neman gira an rasa ido.

Sai batun kwamfuta. An tsara ta ne da sanin cewa akwai iskar da ke shiga bakin salansa, kuma na'urar da ke shinshina hayaƙin tana ƙasa da wurin. Idan iskar ta ɓace, abin da na'urar ke gaya wa kwamfutar ya sauya, kuma masu FD da ke kan kwamfutar asali sun san abin da ke biyo baya: silo ya riƙa hawa da sauka, motar ta riƙa fizga a ƙaramin totur cikin gari. Wanda ya sa kwamfutar da ake iya saitawa, irin Power FC ta kamfanin Apexi, zai iya gyara wannan. Amma an riga an fita daga aikin sifana na yamma ɗaya, an shiga kashe kuɗi na gaske.

Mafi muni shi ne abin da ke samun katalis. Cikinsa saƙar zuma ce ta yumɓu da aka shafe da filatinam da faladiyam da rodiyam, masu mai da kabon monoksaid da ɗanyen mai su zama kabon dayoksaid da tururin ruwa. Ba su iya wannan sai da oksijin. A injin mai fistin na zamani ana riƙe cakuɗar iska da fetur kusa da 14.7 bisa 1, don haka oksijin da ke saura a hayaƙi ya wadatar. Tsohon injin rota kuwa ya fi son mai da yawa a silo da ƙaramin gudu, kuma famfon ne ke cike giɓin. Idan babu shi, ɗanyen mai da toka suna taruwa a ramukan saƙar har ta toshe. Toshewarta na mai da zafi baya zuwa turbo da injin kansa. Daga nan mai motar yakan ce, to, a cire katalis ɗin ma, a sa miƙaƙƙen bututu. A FD wannan mataki ne mai haɗari. Ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi ƙarama ce, an auna ta ne da salansa mai katalis. Da hanya ta buɗe gaba ɗaya, matsin turbo yana zarce fam 10 da aka tsara masa, ya ci gaba da hawa ba tare da direba ya nema ba. Fetur ya gaza bin iskar, wuta ta fashe kafin lokacinta, sil ɗin kusurwa ya karye, gutsurensa ya kankare bangon inji ya wuce ya ci fukafukan turbo. Injuna masu yawa sun mutu ta wannan hanya, kuma farkonta famfo ne da aka ce ba shi da amfani.

RX-8, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2012, labarinta gajere ne. An mai da ƙofofin hayaƙinta gefe, ɗanyen man da ke tsira ya ragu sosai, don haka famfonta na lantarki ne kuma ba ya aiki sai an tayar da ita da sanyi. Wanda ya tsaya kusa da ita da asuba zai ji wani siririn ƙugi daga gaban motar ya hau kan ƙarar injin, ya yi 'yan daƙiƙoƙi, ya ɗauke. Shi ke nan aikinsa na ranar: ya hura iska don ragowar man ta kama wuta ta ɗumama katalis da wuri, domin katalis mai sanyi ba ya tace komai. Ba ya taɓa bel, ba ya cin ƙarfin inji ko kaɗan. Wanda ya cire shi abin da zai samu kawai shi ne fitilar gargaɗi a dashbod, da lambar P0410 idan an jona kwamfuta. Ko da famfon nata, motar ta bar kasuwar Turai a 2010 saboda ta kasa cika ma'aunin Euro 5, wanda ke nuna irin ƙuncin da wannan inji yake ciki a batun hayaƙi.

Doka ma tana da bakin magana a ƙasashen da motocin suke. A Amurka dokar tarayya ta haramta cire ko kashe duk wata na'urar rage hayaƙi a motar da ke hawa titin jama'a, kuma a Kalifoniya motar fetur ƙirar 1976 zuwa sama tana zuwa gwajin da ake buɗe bonet a duba da ido ko kayan suna nan. Japan na da nata binciken na shaken, Birtaniya na da MOT. Har akwai masu ajiye famfo da katalis a gareji, su ɗaura su ranar gwaji, su kwance washegari. Ba na ganin wannan a matsayin wayo. Gwajin ba don jami'in da ke riƙe da takarda aka yi shi ba.

Don wa aka yi shi? Duk wanda ya taɓa bin bayan RX-7 da aka tuɓe wa famfo da katalis a cunkoson gari ya san amsar. Warin ɗanyen fetur yana shigowa ko an ɗaga gilashi, ido ya yi yaji, kai ya yi nauyi, tufafin direban kansa suna ɗauke da warin har cikin gida. Wannan wanda ake ji ke nan. Kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana kama jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu. Shi ne dai abin da ke hallaka iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da janareto a rufaffen wuri, labarin da babu wanda bai ji irinsa ba a garuruwanmu. RX-7 ba ta da yawa a nan, amma ɗabi'ar ɗaya ce: sau nawa ake fasa indomin mota a gareji, ko don a sayar da ƙarafan cikinsa ko don an ce yana danne inji, a bar mai babur da mai talla da yaron da ke goye a bayan uwarsa suna shaƙa? Mai motar yana gaba, hayaƙin yana baya. Wannan rashin adalcin ne ke damuna a duk muhawarar, domin kusan kullum ana yin ta ne a kan doki nawa aka samu da kilo nawa aka rage, ba a lissafa wanda ke tsaye a bakin titi.

Ban ce babu motar da ta cancanci a cire mata ba. Wadda aka gina don filin tsere, da turbo guda, da kwamfutar da ƙwararre ya saita, da ƙofar rage hayaƙi mai faɗi, da fulin da ya riƙe bel ɗin ruwa, wadda a tirela ake kai ta fili a dawo da ita, ba ta da abin yi da famfon iska. Mazda 787B da ta ci tseren Le Mans a 1991 da rota huɗu ba don titin gari aka yi ta ba, kuma babu wanda ya nemi ta zama haka. Ga mai turbo guda da ke son ya ci gaba da hawa titi ma akwai mafita: wasu suna ɗaura famfon lantarki irin na RX-8 a wani lungu su ja bututu zuwa katalis, wasu su sa katalis mai saƙar ƙarfe wanda ya fi jure zafi, su saita man ya ragu a silo. Aiki ne, kuɗi ne, amma wanda ya iya sayen turbo ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Wanda kuwa turbonsa na asali ne, katalis ɗinsa na nan, ya bar famfon inda Mazda ta ajiye shi. Idan ya fara kuka a gyara shi ko a nemo wani.

Kai kuma da ke shirin sayen ɗaya daga cikin waɗannan motoci, buɗe bonet kafin ka yi ciniki. Idan ka ga gurbin famfon babu kowa, ka duba yadda bel ya kama fulin ruwa, ka leƙa ƙasa ka ga ko katalis na nan, ka tambayi wace kwamfuta ke ciki da wanda ya saita ta, sannan ka sa a auna matsin kowace fuskar rota da na'urar da aka yi don irin wannan inji. Ka kuma nemi a ba ka famfon da bawul ɗinsa a cikin kwali tare da makullin. Idan mai motar ya ce ya jefar da su, ka cire kuɗinsu daga farashin, ka mayar da su kafin ka hau titi.